Shahon da ya koma ƙyanƙyasa a cikin akwati

Darasinmu na wannan fitowa a kan wani irin shaho ne wanda Larabawa ke kira shahin. Ana gane shi da baƙin tabo a kumatu kamar saje, da baya mai launin toka, da ƙirji fari mai zane-zane. Idan ya tsuke fukafukai ya faɗo daga sama a kan tantabara, gudunsa kan wuce kilomita 300 a cikin awa guda, kuma ba a auna wata dabba da ta kai shi ba.

Duk da wannan baiwa, shahin ba ya gina sheƙa. Ba ya ɗaukar kara ko ciyawa. Abin da yake nema shi ne ɗan sarari a jikin dutse mai tsawo, inda zai tona ƙaramin gurbi a cikin tsakuwa don kada ƙwai ya mirgina. Wannan ne asalin akwatin da ake kafa masa a ƙasashen Turai da Amurka: katako ne mai rufi, gabansa a buɗe, an zuba masa tsakuwa, an ɗaure shi a saman bene ko hasumiya ko babbar gada. A wurin tsuntsun, dogon gini dutse ne, birni kuwa cike yake da tantabaru.

Me ya sa mutane suka ɗauki wannan ɗawainiya? Domin da hannunsu suka kusa ƙarar da shi. Bayan yaƙin duniya na biyu an yi ta fesa maganin ƙwari mai suna DDT a gonaki. Ƙananan tsuntsaye suka ci ƙwari da hatsin da aka fesa, shaho ya ci su, gubar ta taru a jikinsa. Ba ta cika kashe shi nan take ba. Ɓarnar ta ɓoye ce: ɓawon ƙwai ya zama marar kauri, har uwa ta fasa shi da nauyinta tana kwanci. Wani masani ɗan Ingila, Derek Ratcliffe, ya auna ɓawon tsofaffin ƙwai da sababbi, ya bayyana wannan a 1967. A lokacin, shahin ya riga ya daina haihuwa a duk gabashin Amurka. A 1970 Tom Cade ya fara kiwonsu a jami'ar Cornell, a 1972 Amurka ta hana fesa DDT a gonaki, daga baya aka saki dubban ƴaƴan shaho. A 1983 aka ga sun yi ƙwai a kan gadoji biyu na birnin New York, sannan a 1999 aka cire su daga jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu a ƙasar. Mu lura da yadda abin ya jeru: da ba a hana gubar ba, da akwati bai tsinana kome ba, sai dai a tara fasassun ƙwai a wuri mai kyau.

Yanzu mu leƙa cikin akwatin. A can, ƙarshen sanyi, wajen watan Maris ko Afrilu, macen kan yi ƙwai 3 ko 4, jajaye masu ɗigo-ɗigo, ɗaya bayan kwana biyu. Ba ta dagewa da kwanci sai ta kusa gamawa, don ƴaƴan su fito kusan tare, kada babba ya danne ƙarami. Kwanci kan ɗauki wajen kwana 33. Macen ta fi namijin girma da kimanin kashi ɗaya cikin uku, ita ce kuma ke yawan kwanci. Shi aikinsa farauta, amma yakan karɓe ta ta ɗan sha iska, ko da yake da ƙyar jikinsa ke rufe ƙwai huɗu.

Fitowa daga ƙwai aiki ne mai wuya. Ɗan tsuntsu na da wani ɗan tsini a kan baki wanda yake huda ɓawo da shi, kuma daga hudar farko zuwa fitowa yakan kwana ɗaya ko biyu yana fama yana hutawa. Yana fitowa jiƙe, nauyinsa bai wuce giram 40 ba, sannan ya bushe ya zama fari kamar auduga. A nan ne abin mamaki yake. Bakin da ke karya wuyan tantabara shi ne uwa ke yagar nama ƙanana da shi, ta karkata kai, ta miƙa a hankali. In za ta shiga tsakaninsu takan dunƙule ƙafa saboda akaifa.

A mako na uku masana kan hau su sa wa ƴaƴan zobe mai lamba a ƙafa, iyaye na ihu suna kai musu farmaki. A mako na shida gashi ya cika, su tsaya a bakin akwati suna kaɗa fukafukai. Tashin farko shi ne mafi haɗari: wasu kan faɗo a titi, wasu su bugi gilashin bene. Iyaye na ci gaba da ciyar da su har makonni, suna sako musu nama a sararin sama su cafe. Duk da haka, fiye da rabinsu ba sa kai shekara guda.

Waɗanda ke birane galibi ba sa yin nisa da inda aka haife su. Amma danginsu na can arewa mai ƙanƙara, su matafiya ne: idan sanyi ya matsa sukan ƙetaro hamada su shigo Afirka, su yi watanni suna cin tsuntsayen da suka yi kiwo a gonaki da fadamu, kafin su koma yin ƙwai.