Darasin Kimiyya: Yadda Awon Likita Ke Zama Hujja a Kotun Tarayyar Amurka

Manufa

A ƙarshen darasin nan, ɗalibai za su iya bayyana yadda binciken likita ke taimaka wa wanda aka hana tallafin naƙasa a Amurka.

1. Wane ne ya cancanta?

Tun 1956 hukumar SSA, mai biyan fansho, take ba ma'aikatan da suka naƙasa tallafi. Sharaɗin shi ne mutum ya kasance da ciwon jiki ko na ƙwaƙwalwa da likita ya tabbatar, wanda ya hana shi neman abinci, kuma zai kai wata 12 ko ya zama ajalinsa.

2. Yadda ake auna ciwo

Mu ɗauki mai ciwon baya. Likita yakan kwantar da shi rigingine, ya ɗaga masa ƙafa a miƙe. Idan zafi ya tsarga daga ƙugu zuwa ƙwauri, alama ce ta jijiyar da aka danne. Hoton MRI kuma ya nuna gurbin da abin yake. Daga nan a lissafa sauran ƙarfinsa. Aikin zaune, alal misali, yana bukatar zaman kimanin awa 6 cikin 8 da ɗaga nauyin kilo 4.5. Wanda ko wannan ya gagare shi, hujjarsa ta yi ƙwari.

3. Matakan ɗaukaka ƙara

Idan an hana mutum tallafin, yana da matakai huɗu. Na farko, hukumar ta sake duba takardu. Na biyu, alƙalinta ya saurari mai nema. Na uku, majalisar ɗaukaka ƙara ta hukumar. Na huɗu, kotun gunduma ta tarayya, kuma wa'adin shigar da ƙara kwana 60 ne daga samun hukuncin ƙarshe.

4. Abin da kotu ke dubawa

Ku riƙe wannan da kyau, ɗalibai. Alƙalin tarayya ba ya sake gwada majinyaci, fayil yake karantawa. Tambayarsa biyu ce: an bi doka? Akwai hujjar da mai hankali zai gamsu da ita, kamar yadda Kotun Ƙoli ta fayyace a shari'ar Perales ta 1971? Sai ya tabbatar da hukuncin, ko ya soke shi, ko ya mayar a sake saurare. Saboda haka ciwon da ba a auna an rubuta tun farko ba, da wuya ya amfani mai shi a kotu, komai tsananinsa.

Aikin gida

1. Me ya sa faɗin "bayana na ciwo" kaɗai bai isa hujja ba?
2. Jera matakan ɗaukaka ƙara huɗu bi da bi.