DARASIN WATA: MAGANA A TSARE TANA CETON RAI

Darasinmu na wannan wata a kan magana ne, wato yadda ma'aikatan asibiti suke miƙa wa juna labarin majinyaci, da kuma abin da mu masu kai marasa lafiya za mu koya daga gare su.

Me ya sa wannan ya shafe mu?

Idan ciwo ya fi ƙarfin ɗakin shan magani a Zawaciki ko Panshekara, akan tura mutum Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Kafin ya warke zai bi ta hannuwa da yawa: malamin asibiti, nas, likita, mai ba da magani, masu aikin safe da masu aikin dare. Duk lokacin da ya fita daga wannan hannu zuwa wancan, wani labari yana iya faɗuwa a hanya. Wataƙila a manta a ce an riga an yi masa allura, sai a sake yi. Wataƙila a manta a ce wani magani ba ya karɓarsa. Mun karanta a Farawa sura 11 yadda ginin hasumiyar Babila ya tsaya cik, ba don tubali ya ƙare ba, sai don magina sun daina fahimtar juna. Haka yake a asibiti.

Abin da asibitoci suka koya

A shekara ta 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da takarda mai abubuwa 19 waɗanda ma'aikatan ɗakin tiyata za su bi da baki, kowa yana ji. Sukan faɗi sunayensu, su tabbatar da sunan majinyaci da wurin da za a yanka, su ƙirga kayan aiki kafin ya fita. An gwada ta a asibitoci 8 na ƙasashe 8. Ɗaya daga ciki asibitin ikkilisiya ne a Ifakara, cikin karkarar Tanzaniya. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna masu mutuwa bayan tiyata sun ragu daga 15 zuwa 8 cikin kowane mutum 1,000. Ba sabuwar na'ura aka sayo ba, magana kawai aka gyara.

Akwai kuma wata hanya da ake kira SBAR. Daga sojojin ruwan Amurka masu jiragen ƙarƙashin teku aka aro ta, asibitoci suka ɗauka. Matakai huɗu gare ta, kuma ba ta fi ƙarfin kowannenmu ba.

Matakai huɗu

A ce wani ɗan ƙungiya ya faɗi a gonar rani a bakin Kogin Challawa bayan feshin maganin ƙwari. Yawancinmu mukan isa asibiti mu ce, "Malam, jikin ne dai ba daɗi." Wannan bai taimaki kowa ba. Ga yadda ya kamata:

1. Halin da ake ciki: "Wannan ƙanena ne, shekararsa 30. Yana amai, yana zufa, miyau yana zuba, numfashi yana yi masa wuya."

2. Abin da ya gabata: "Ya fara feshi da ƙarfe 7 na safe, ba abin rufe hanci. Ciwon ya tashi wajen ƙarfe 10. Mun tuɓe masa riga, mun wanke shi da sabulu, ba mu ba shi komai ya sha ba. Ga kwalbar maganin."

3. Abin da muke gani: "Muna zaton maganin ne ya shige shi, kuma abin ƙaruwa yake yi."

4. Abin da muke roƙo: "Don Allah a duba shi yanzu, kada a sa shi a layi."

Ku lura, duk wannan bai kai minti ɗaya ba. Kwalbar tana da muhimmanci ƙwarai, gama sunan da ke jikinta shi zai nuna wa likita irin makarin da zai bayar. Kada a ɗura wa irin wannan mutum madara ko manja. In an riga an ba shi, ko an ba shi jiƙo, a faɗi gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Aikin mai jinya

A asibitocinmu ɗan'uwa ne yake kwana da majinyaci, saboda haka shi ma yana cikin masu miƙa aiki. Idan nas ta yi bayanin magani, sai mu maimaita mata: "Ƙwaya 2, sau 3 a rana, bayan cin abinci, haka ne?" Idan wani zai karɓe mu jinya, kada mu tafi sai mun gaya masa abin da aka sha, da lokacin, da abin da ya rage. In mun ga an kawo magani dabam da na jiya, mu yi tambaya cikin ladabi. Tambaya ba raini ba ce, kuma matambayi ba ya ɓata.

Abin yi

Kowace ƙungiya ta sayi littafin rubutu ɗaya domin jinya, ta zaɓi mutum biyu masu iya rubutu, namiji da mace daga zumuntar mata, waɗanda za su riƙa raka marasa lafiya. A taro mai zuwa a gwada matakan nan huɗu, wani ya zama nas, wani mai jinya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me yakan hana mu yi wa likita tambaya, tsoro ko kunya?
2. Yaya za mu yi bayanin mace mai doguwar naƙuda da matakan nan huɗu?
3. Su wa za mu zaɓa su riƙe littafin jinya?

Ubangiji ya ba mu kunnen ji da bakin faɗin gaskiya. Amin.