Darasi: Tun daga kunya ake yanke kuɗin auduga

'Yan kasuwa da dillalai, ku sani mu hatsi muke saye a Dawanau, amma in kaka ta yi mukan taɓa auduga. Wata shekara muka ba wani manomi a ƙasar Bichi kuɗi tun da damina, don mun ga gonarsa ta yi duhu, ba masaka tsinke. Da aka kai gidan gurza sai aka karya mana farashi, uwar kuɗi ma da ƙyar ta dawo. Daga nan muka shiga tambaya, ga abin da muka koya.

Na farko, gonakinmu na arewacin Kano ƙanana ne, shi ya sa manomi ke matse shuka. To auduga in ta cunkushe, rana ba ta kai ga rassan ƙasa, ƙwallon farko ya zube, wanda ya tsaya ya ƙanƙance. Feshi ma ba ya ratsawa, ƙwari su ɓuya su ɓata fari. Silin da bai ƙosa ba kuwa, injin gurza tsinka shi yake yi, ya ƙudundune, a masaƙa kuma ya ƙi shan rini daidai.

Na biyu, in tazara ta yi yawa, ciyawa ta samu wuri, itace ya yi ta reshe yana 'ya'yan baya, ruwa ya ɗauke ba su nuna ba.

Gwargwadon da malaman gona na Samaru ke koyarwa: santimita 90 tsakanin kunya da kunya, wato kamu biyu, 45 tsakanin rami da rami, kamu ɗaya ke nan, a rage a bar tushe biyu.

Amma kada a ɗora wa tazara komai. Tsawon sili, da yawan abin da ke saura bayan an cire gurya, wajen kashi ɗaya cikin uku ko sama kaɗan, galibi daga iri suke. Ƙosawa da tsabta su ne na tazara da lokacin shuka.

Tun da aka rushe hukumar sayen auduga a 1986 babu tsayayyen farashi, asarar kaya maras kyau a kan wanda ya saya take. Saboda haka kafin ka ba da kuɗi, shiga gonar, ka auna da hannunka, ka duba rassan ƙasa. Duhun ganye ba auduga ba ne.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.