Furen Kuka da Jemage

Duk yaron da ya tashi cikin birnin Kano ya san kuka. Da ganyenta a ke miya, 'ya'yanta kuwa a fasa a sha garin, ko a zuba a nono. Amma yara ƙalilan ne suka taɓa duban furenta da kyau, gama ba ya buɗewa sai da almuru, sa'ad da a ke kiran kowa gida.

A cikin fure akwai wani gari mai laushi, irin wanda manoma ke kira bununi a jikin gero. Sai garin nan ya sauka a kan sashen mace na fure kana itace ya yi 'ya'ya. To, ga shi itace ba ya tafiya. Saboda haka ya kan nemi manzon da zai kai masa garin daga wannan fure zuwa wancan, ya biya shi lada da ruwa mai zaƙi. Siffar fure ita ke nuna ko wane ne manzonsa.

Kuka ta kan yi fure da farkon damina. Furen fari ne fat, faɗinsa ya kai tafin hannun babban mutum, yana reto da kai ƙasa a ƙarshen wani dogon sili. Ganyayensa biyar su kan naɗe su koma baya, su bar wani tuntu mai zaruruwa ɗaruruwa, ko wane zare da gari a bakinsa. Warinsa ba daɗi ga hancin mutum, amma jemage yana jinsa daga nesa. Farin ya sa a ke ganinsa cikin duhu, reton kuma ya fid da shi daga tsakanin rassa, inda fiffike ba zai sarƙe ba. Jemage ya zo ya rungumi tuntun, ya lashe ruwan zaƙi, gari ya manne a gashin ƙirjinsa, ya tashi ya kai wa wata kukar. Kafin yammacin gobe furen ya yanƙwane, ya yi baƙi-baƙi. Aikinsa na dare ɗaya ne kurum. A shekarar 1945 wani masani Bafaranshe, Paul Jaeger, ya rubuta bayanin wannan aiki na jemagu a Afirka ta Yamma. Rimi ma jemagu ne manzanninsa, sai dai shi da hunturu ya ke fure. Yaron da ke harbin jemagu da danƙo bai san 'ya'yan kuka ya ke ragewa ba.

Kabewar da ke yaɗo a kan danga dabararta daban ce. Furenta rawaya ne, mai kama da bakin algaita, yana buɗewa da sassafe, ya rufe kafin azahar. Ruwan zaƙinsa na can ƙasa, don haka tilas ƙudan zuma ya kutsa ciki, ya fito buɗu-buɗu da gari. Furen iri biyu ne. Macen tana da wani ɗan ƙulli a gindinta, shi ne zai zama kabewa. Namijin ba shi da shi. In an tsinke mazan duka, ƙullin zai bushe ya faɗi.

Masara kuwa ba ta gayyatar kowa. Furenta ba launi, ba ƙanshi, iska ce manzonta. Namijin yana can bisa kan kara, macen kuma ita ce gemun nan da ke fitowa daga goyo. Ko wane silin gemu yana haɗe da ƙwaya ɗaya. A dā, sa'ad da a ke da gonaki masu faɗi cikin ganuwa, wajen Gwauron Dutse, iska ba ta shan wahalar aikin nan. Amma wanda ya shuka kara ɗaya tak a tsakar gida, galibin garin ya kan bi iska ya wuce katanga. Ran da ya ɓare masararsa sai ya tarar da ita giɓi-giɓi, kamar bakin tsoho.