Ka Sauya Inji, Ka Duba Lagireto Kuwa?

Direbobi da yawa kan ɗora wa mota injin da ya fi nata na asali ƙarfi, su bar tsohon lagireto yadda yake. Babban inji zafinsa ya fi yawa, ƙaramin lagireto ba zai iya sanyaya shi ba. Da allurar zafi ta fara hawa, sai bakanike ya cire tamostat, ya haɗa fanka kai tsaye da batir. Wannan rufa-rufa ce kawai. Tamostat ne ke riƙe inji a zafin da ya dace, wajen digiri 90. Babu shi, inji zai daɗe bai ɗumama ba, ya yi ta shan mai.

Lura da lokacin da zafin ke tashi. In a cunkoso ne, yana sauka da ka samu hanya, fanka za ka duba. In kuwa a kan babban titi ne ko hawan tudu, lagireton ya toshe ko ya yi wa injin kaɗan, a sa mai girma. Duba murfinsa ma: robar in ta tsage, ruwa zai tafasa da wuri. Ruwan rijiya kuma, don Allah a bar shi, tsatsa yake tarawa. Sayi kulan.

Allura ta kai ja? Tsaya, kashe inji, kada ka taɓa murfin sai ya huce, tururin na iya ƙona maka fuska. Ja sandar baƙin mai ka gani. In ya koma kalar shayi da madara, gasket ta ƙone, kada ka sake tayar da motar.