Hanyoyin Kafa Hujja a Kimiyya: Darasi Daga Binciken Sammore

A Titin Surame da ke Unguwar Rimi, cikin Kaduna, akwai cibiyar binciken ciwon barci da sammore, wadda aka kafa a 1947 domin ƙasashen Afirka ta Yamma. Da tarihin wannan bincike za mu fayyace hanyoyi uku na kafa hujja, waɗanda a nan muka laƙaba wa suna kirdado, cirato da tattaro.

Makiyaya sun daɗe da sanin cewa shanu na ramewa su mutu idan suka shiga dajin ƙudan tsando. Sanin dalili shi ne ya gagara. Wasu sun ce dafi ne a bakin ƙudan, wasu suka ɗora laifin a kan ciyawa ko ruwan wurin. A 1894 aka tura likita David Bruce ƙasar Zulu, inda ya ga wata ƙwayar halitta tana motsi cikin jinin shanun da suka kamu. Sai ya yi zaton ita ce sanadi, tsando kuma ɗan aike ne kawai. Wannan shi ne kirdado, wato zaɓen bayanin da ya fi dacewa da abin da aka gani. Masanin Amurka Charles Peirce ne ya fito da matsayinsa a manɗiƙi. Ɗalibi ya lura, kirdado bai tabbatar da komai ba tukuna. Mafarin bincike ne.

Daga nan cirato ke karɓar aiki. Idan har tsando ne ke kai cutar, to lallai lafiyayyar dabba za ta kamu in ya cije ta, ko da ba ta taɓa kiwo a dajin ba. Bruce ya sa aka kamo ƙudajen daga kwari, aka hau da su tudun Ubombo suka ciji lafiyayyen doki, ya kuwa kamu. Da bai kamu ba, da zaton ya shiga uku. Irin wannan lissafi aka bi a Anchau, a lardin Zazzau, daga ƙarshen shekarun 1930: tunda tsandon bakin rafi ba ya rayuwa sai da inuwa, sare kurmin rafuka zai kore shi. Aka sare, aka kuma gina sabon gari mai suna Takalafiya. Sai dai ƙarfin cirato bai wuce na tushensa ba. In tushen ya karkace, sakamakon ma haka.

Tattaro kuwa shi ne gina doka daga misalai masu yawa. Doki guda bai isa ba, sai an maimaita gwajin a wurare da lokuta dabam-dabam. Duk da haka dokar ba ta zama yanke ba, kuma a ganina nan ne malamai suka fi tuntuɓe. Ga misali daga fagenmu. Malami ya jera riga, hula, mota da kujera, ya ce wa yara duk sunan da ya ƙare da wasalin 'a' jinsin mace ne. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to ruwa fa?" Gida, nama da suna ma suna nan suna jira. Malamin da ya tsawata mata ya koya wa aji hadda. Abin da ya kamata shi ne ya rubuta kalmar a allo, ya sa a nemo 'yan'uwanta, sannan a gyara dokar ta koma "galibin sunaye".