Gyaran Tabon Fuska da Hasken Leza: Abin da Ya Kamata Jama'a Su Sani

Ƙurajen fuska sukan warke su bar ramuka a kumatu. Haka kuma zafin rana na shekara da shekaru yakan jawo tamoji da ɗige-ɗige a fata. Ɗaya daga cikin hanyoyin da likitoci ke bi wajen gyaran waɗannan ita ce hasken leza.

Mene ne Leza?

Leza haske ne mai ƙarfi wanda na'ura ke tattarawa wuri guda. A Amurka aka ƙera na'urar farko cikin 1960. Wani irin hasken yana ƙone saman fata domin sabuwa ta fito. Wani kuwa ratsawa yake yi ya ɗumama ƙarƙashinta. Yayin da fatar ke warkewa sai ta yi sabon kolajin, watau sinadarin da ke cike rami ya miƙar da tamoji. Cikin 2004 aka fito da dabarar yin ƙananan huji da hasken, ana barin lafiyayyar fata a tsakaninsu, don wurin ya yi saurin warkewa.

Haɗari ga Baƙar Fata

Sinadarin da ke ba fata launi yana shan haske, kuma ya fi yawa a baƙar fata. Saboda haka idan aka yi kuskuren na'ura ko aka ƙara mata ƙarfi, fuska tana iya ƙonewa, ko ta ƙara duhu, ko ta yi dabbare-dabbaren fari. Wanda tabonsa ke kumbura ya yi tudu bayan rauni ya fi kowa shiga haɗari.

Abin da Ya Wajaba

1. Likitan fata mai rajista kaɗai za a bari ya yi aikin.
2. A fara maganin ƙurajen su kwanta tukuna.
3. A sanar da likita duk maganin da ake sha ko shafawa, musamman man bilicin.
4. A nemi ya gwada hasken a ɗan wuri kafin ya bi fuska duka.
5. Bayan aiki a guji rana, a riƙa shafa man kariya.

A sani cewa leza rage tabo take yi, da wuya ta shafe shi ƙaƙaf, kuma sau da yawa sai an maimaita aikin. Duk mai niyya ya yi tambaya tukuna, kada garin neman gira a rasa ido.